Bindiga a Bakin Zariya

Ranar Talata, tara ga Yulin 1996, gari ya waye da yayyafi marar ƙarfi, irin wanda ke shiga ƙashi ba tare da ya jiƙa riga sosai ba. Wani ɗan sandan farin kaya ya zauna a bakin gado yana murza cinyarsa ta dama, yana jiran cinyar ta farka. Aikinsa raka wani alƙali, daga gida zuwa kotu, daga kotu zuwa gida. Tun farkon aikin an ba shi ƙaramar bindiga da gidanta na fata da ɗamara, amma da ya ɗora kaftani sai ya ga tudunta ya fito, ko yaro zai gane. Sai ya jefa gidan a akwati, ya soke bindigar a bakin wando, ya ƙara tamke zariya don kada ta zame. Da ita yake wuni a kujerar mota, ƙarfen na tokare masa ƙugu. Da ita yake sallah, idan ya zo tahiya ya karkace hagu. Shekaru suka tafi a haka. Da farko ɗan zafi ne kamar cizon tururuwa, daga baya ya koma yam-yam, daga nan fatar cinyar ta zama kamar ta aro, bayansa kuma ya riƙe. Matarsa ta taɓa ɗaga takalminsa ta ce, "Malam, ƙafa ɗaya ce ke cinye maka takalmi. Ɗayar haya ka ba da ita?" Ya yi dariya, ya ce sanyin damina ne. Bai faɗa wa kowa ba, domin ya san inda ake kai wanda ƙafarsa ta gaza: teburin ƙofar ofis, wurin masu jiran ritaya. A ransa kuwa yana cewa, abin da bai kai nauyin tasar tuwo ba, me zai yi wa ƙato kamarsa?

Da suka isa harabar kotu a safiyar nan, alƙali bai gama fitowa daga mota ba sai ga wani mutum ya ratso jama'a da sauri, hannunsa cikin aljihu. Ɗan sandan ya buɗe ƙofa ya diro don ya shiga tsakani. Ƙafar dama ta taɓa ƙasa, amma shi bai ji ƙasar ba. Ya zube bisa gwiwa cikin taɓo, gefen kaftani ya naɗe masa hannu, bindiga na nan a inda take. Kafin ya miƙe, mutumin ya riga ya isa gaban alƙali. Ashe tsohon maƙwabcin alƙali ne, goron ɗaurin auren ɗansa ya kawo. Direba ya ce santsi ne, alƙali ya ce, "Sannu, Sajan, ka kula da wannan taɓon," aka wuce ciki. Shi kaɗai ya san ba santsi ba ne. Yinin ranar yana tsaye a bakin ƙofar kotu yana kallon aljihun duk wanda ya gifta, gumi na bin bayansa duk da sanyin da ake yi. Abu ɗaya ke kai da komo a ransa: da ba goro ba ne fa?

Washegari ya je asibiti. Likita ya sa shi ya ɗaga riga, ya ga wata baƙar kanta a ƙugu, da layin da zariya ta shata har ya lotsa cikin nama. Ya shafa masa auduga a cinya, bai ji ba. Ya ce akwai jijiyar da ke bi ta nan zuwa cinya, ita ce ƙarfe da matsin zariya suka danne, kuma karkacewar zama ta taɓa ƙashin baya. Idan ya sauke kayan yanzu ya huta, wataƙila ji ya dawo. Wataƙila kuma an makara, ba zai yi masa alkawari ba. Da ya koma gida ya zauna ya rubuta wa shugabansa na hedikwata cewa ƙafarsa ba ta da tabbas, a ba alƙali wani mai rakiya. Takardar ta kwana a aljihunsa har gefenta ya yi laushi, yana ta gaya wa kansa ko ya ƙara mako guda ya gani. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya bi ta gidan waya, yana jan ƙafa, ya manna kan sarki, ya tsaya jim, sannan ya sake ta cikin akwatin wasiƙu.

Bindigar nan bai taɓa harba ta a kan kowa ba, kuma ba ta taɓa tashi da kanta ba. Zama kawai ta yi a wuri ɗaya. Shi ya sa Hausawa ke cewa, yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.