Tukunyar Tace Hayaƙi

Kwana huɗu Auta yana kwance a asibiti bai buɗe ido ba, mahaifinsa ya sa aka jawo ragowar motar zuwa garejin da aka yi mata aiki na ƙarshe.

Uban mai kemis ne, shekara talatin yana auna magani. Ya yarda da ƙaddara, amma yana so ya ga ƙofar da ta shigo. Kuma a ganinsa ya riga ya san ta.

A ƙarƙashin irin waɗannan ƙananan motoci masu gudu akwai wata tukunyar ƙarfe a jikin bututun salansa. Cikinta kamar saƙar zuma yake, tana tace hayaƙi kafin ya fita. Auta ya tsani tukunyar nan. Kullum aka zauna cin abinci sai ya ɗauko zancenta: tana shaƙe wa inji wuya, tana cinye masa ƙarfin doki goma ko fiye, in aka cire ta motar za ta sami numfashi.

"Doki ɗari biyun da ke ciki ba su ishe ka ba?" uban yakan ce. "Kakanka da ƙafa biyu ya yi yawonsa, kuma bai taɓa makara ba."

Uwar ba ta sa baki. Ita aikinta tsayuwa a taga duk lokacin da ya fita, har sai ta ji ya dawo.

Mako biyu da suka wuce Auta ya kai motar gareji. Ta dawo tana ruri, gilasan falo suna rawa. Ya fito yana washe baki, ya ce an cire, yanzu ta zama mota. Uban ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Uwar ta ce, "Ƙyale shi, Malam, ƙuruciya ce." Tun daga ranar ta daina tsayuwa a taga, har abinci ta koma ci sosai.

Direban tirelar da abin ya faru a gefensa ya zo asibiti dubiya, hularsa a hannu. "Ya fito zai wuce ni, ga wata mota tafe can gaba. Da fili, wallahi. Irin motarsa kafin ka ƙifta ido ta wuce tirela. Kukanta har cikin kaina, amma tana nan gefena, ta ƙi wucewa." Mai kemis ya saurare shi kawai. Kowane direba da irin labarin da yake wanke kansa da shi.

Abin da yake so ƙarami ne: a buɗe tukunyar a gabansa, ya ga babu komai a ciki, ya kira 'yan sanda. Wanda ya ƙara wa yaro wuta a mota ya je ya yi bayani.

Da safen nan matarsa ta tare shi a bakin ƙofa. "Ka bar maganar nan, Malam. Mu ji da yaron."

"Minti goma ne. Daga can mu wuce asibiti."

Ta zauna a mota, kwandon abinci a cinyarta, ba ta fito ba.

Bakaniken dattijo ne mai furfura, ba irin wanda mai kemis ya zana a ransa ba. Ya gaishe shi, ya tambayi mai jiki, ya yi ta goge hannuwan da babu datti a jikinsu.

"Maigida, ban cire komai ba."

"Unguwa guda ta ji ƙarar da ta dawo da ita. Yanka."

"Da za ka haƙura..."

"Yanka, na ce."

Aka kifa bututun a kan benci. Injin yankan ƙarfe ya yi ta zubar da tartsatsi, tukunyar ta rabu biyu. Saƙar zumar tana nan cif, ko ɓantarewa ba ta yi ba. Sai dai a bayanta, inda hayaƙi ke wucewa, an liƙa wani faifan ƙarfe da sabuwar walda, an bar masa rami a tsakiya wanda da ƙyar babban yatsa zai shiga.

Mai kemis ya duƙa ya leƙa ramin. "Wannan fa?"

"Hanyar na matse." Bakaniken yana magana da benci ne, ba da shi ba. "Salansar baya kuma na huda ta wuri uku. Na ba shi ƙara, na rage masa ƙarfi. A cikin gari ba zai gane ba, kunnensa zai ce masa mota ta ƙaru. Sai ranar da ya taka totur har ƙasa yana neman ta ba shi duka..."

Bai ƙarasa ba. Mai kemis ya ga titin kamar yana wurin: ɗansa a gefen tirela, ya auna tazara da ƙarfin da ya ɗauka yana da shi, yana taka abin da babu. Direban nan gaskiya ya faɗa.

Ya zaro waya zai kira 'yan sanda. "Yaro ya ce ka cire, ka toshe. Ka yi masa ƙarya, ka sake shi kan titi. Me ya yi maka? Wa ya sa ka?"

Bakaniken ya ɗago kai. Idonsa ya tsallake kafaɗar mai kemis.

"Ajiye wayar, Malam," in ji matarsa daga bayansa, kwandon abincin yana hannunta har yanzu. "Ni na riga Auta zuwa nan. Ni na durƙusa na roƙe shi ya rage mata gudu, don ɗana ya riƙa dawo mini gida."