Koriyar Alama Mai Sunan Tabish

Koriyar alamar ta sake bayyana da hantsi. Ta tsaya a ƙarshen layin da Mehwish ta gama rubutawa, ta cinye shi harafi bayan harafi. A samanta ga suna nan ɓaro-ɓaro: Tabish.

 Mehwish ta ƙara manna ƙafafunta a jikin tsohuwar kwamfutar da ke gurnani ƙarƙashin teburinta, wadda ba ta da sauran amfani sai ɗumama ƙafa a sanyin Lahore, ta danna maɓallin ɗaukar bidiyon allo.

Kamfanin nasu ƙarami ne, a saman wani shagon takalma. Manhaja ɗaya suke ginawa, wadda za ta bar mutane da yawa su yi rubutu a shafi guda a lokaci guda, kowa da alamarsa mai launi ɗauke da sunansa. Dokar mai kamfanin, Shehryar Sahib, ita ce kowa ya yi aikinsa a cikin manhajar, don su ji ciwonta kafin masu saye su ji. To ga shi Mehwish tana ji.

Abin ya faro ne tun makon da aka ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, har kowace na'ura a ofis ta mutu ta sake kunnuwa. A makon ne kuma Sahib ya ce aiki ya yi ƙasa, tsakanin ita da Tabish mutum ɗaya zai iya riƙewa. Tun daga nan, duk shafin da ta buɗe sai koriyar ta biyo ta. Ta gyara, a ɓata. Ta rubuta, a goge.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta ɗauki Tabish yaya. A makonta na farko, da ta rasa wanda zai zauna su yi gwaji tare, shi ya miƙo mata kalmar sirrinsa yana dariya. Ashe dariyar ta mugunta ce. Yanzu ma ga shi can ƙarshen ɗaki, ya ba ta baya, yatsunsa na rawa a kan maɓallai kamar mutumin kirki.

Da rana ya tsaya a kanta da samosa a takarda, ya kira ta baji, wato 'yar'uwa, kamar kullum. "Baji, kin rame fa. Ci wannan kafin iska ta ɗauke ki."

"Na ƙoshi, yaya Tabish. Kai dai ci, da alama ba ka ƙoshi da na mutane."

Ya yi sororo, ya wuce.

Da yamma Sahib ya kira ta, ya ce aikinta kullum rabi da rabi ne. Ita! Ita da ta rubuta biri, ɗan shirin gwajin nan mai ɓarna da gangan, wanda ya tono musu kurakuran da suka kusa kashe kamfanin bara. An manta. Ta haɗiye maganarta, don ba ta son a sasanta su a bayan ƙofa. So take Tabish ya faɗi a gaban kowa.

Ta san matarsa tana da tsohon ciki. Ta san shi ke ɗauke da mahaifiyarsa. Ta auna duk wannan, ta ga bai kai nauyin abin da ya yi mata ba.

A taron safe, wanda suke yi a tsaye don kada a daɗe, ta haska bidiyon a bango. Duk ofis aka zuba ido, ana kallon koriyar alama tana lashe aikinta layi-layi.

"Wallahi ba ni ba ne," in ji Tabish. "Sahib, a duba daga ina ake shiga."

Aka duba. Daga cikin ofishin nan ne.

"To aljani ne ya ari sunanka?" Mehwish ta tambaya a hankali.

Wani ya ƙyalƙyale da dariya. Sahib, wanda ke jiran masu saye bayan azahar, ba shi da lokacin dogon bincike. Ya ce Tabish ya tattara kayansa, kafin magariba za a rufe sunansa a manhajar.

Tabish bai yi gardama ba. Da ya zo wucewa da kwalinsa, ya tsaya a teburinta. "Allah ya gani, baji," kawai ya ce.

Daɗi ya cika ta, ba ta ko ɓoye ba. Ta aika a kawo mata shayi mai madara, ta tsaya a taga tana kurɓa, tana kallonsa a bakin titi yana jiran riksha, keken haya mai ƙafa uku. Sannan ta koma kujerarta, ta miƙe ƙafa a wurin ɗumi, ta rubuta layinta na farko cikin kwanciyar hankali.

Koriyar alamar ta bayyana, ta fara ci.

Mehwish ta leƙa taga. Tabish yana nan tsaye a ƙasa, hannuwansa biyu rungume da kwali. Ta zabura baya, ƙafarta ta fisge waya, gurnanin tsohuwar kwamfutar ya yanke. A daidai wannan lokacin koriyar ta ɓace daga allo.

Sai a sannan ta tuna cewa a cikin wannan tsohuwar kwamfutar ta bar birinta tun bara, wanda ita da hannunta ta koya wa bin ta yana gogewa, ta kuma shigar da shi da kalmar sirrin da Tabish ya ara mata.