Bangon Zauren Goggo

A bakin Goggo na fara jin sunansa, shekarar da mutanen Mubi suka gudo Yola. "Kai wa Nu'uman gawayi," ta ce. Waɗanda ta sauke a tsohon gidanmu na Yola Gari, har da shi, suna rubuta sunayen 'yan uwansu da suka ɓata a bangon zaure.

Yau ga Nu'uman tsaye a zauren, saura wata biyu aurenmu, makulli a hannunsa.

"Zuhra, sabon gidanmu na unguwar Damilu ya kammala, har da tayil. Wannan kuwa dubi rufinsa, damina ɗaya ta rage masa."

"A gyara mana, Hamma," na ce, don haka nake kiransa. "Ai Baffa ya ce in ba mu zauna ba, sayarwa za a yi. Mai saye kuma rushewa zai yi."

"To, a rushe."

Tun da ya shigo bai kalli bangon hagu ba, inda ya rubuta Suhaib, ƙaninsa da har yau babu labarinsa.

"Shekara goma ke nan," ya ce a hankali. "Ba zan iya wuce sunan nan safe da yamma ba. Ki zaɓa."

Ya miƙo makullin. Ban karɓa ba.

"Allah ya sani ina son ka. Amma ranar da ka bar gidan nan, me ka roƙe ni?"

Ya sunkuyar da kai. Sai ni na tuna masa.

"Cewa ka yi, 'Zuhra, kar ki bari a shafe shi. Idan ya zo, nan zai fara dubawa.'"