Tanti a Tsakiyar Bazara

"Hamada muke so, a ƙasar waje, mu kwana a tanti," in ji ango a ofishin shirya tafiye-tafiye, yana riƙe da hannun amarya. Ya yi kamar bai san mai shirya tafiyar ba, alhali bara ita ya yi wa alkawarin aure.

Ta yi murmushi, ta zaɓa musu mota jif mai ƙarfi da tanti mai kyau.

"Bazara ce fa, yallaɓai."

"Ni namiji ne."

Suna fita abokiyar aikinta ta harare ta. "Ke da kika rantse sai kin rama? Ko safayar taya ba ki cire musu ba!"

Mai shirya tafiyar ta tuna ranar da suna tare tayar motarsa ta fashe da tsakar rana. Zafi ya dame shi, ya zage ta tas, ya tari tasi, ya bar ta a bakin titi da jak na ɗaga mota a hannu.

"Safaya biyu na sa musu," ta ce. "Shi ne bai iya ɗaura ko ɗaya ba, can kuwa babu tasi. Amarya ta iya ɗaura taya, ta iya tuƙi, na tambaye ta. Wannan karon shi za a bari."