Harbin Ta Yi Nisa

"Mama, kusan awa biyar fa a jirgi daga nan birnin Harbin zuwa Guangzhou! Bana ma ba zan samu zuwa bikin sabuwar shekara ba," in ji Ruolan a waya.

"Na sani, 'yar nan, shi ya sa na hutar da ke. Na sayar da gidan, na tattaro komatsaina. Yanzun nan na sauka a Harbin, sanyi zai kashe ni. Maza zo ki ɗauke ni."

Ruolan ta nufi taga. Ta ɗaga labule. Ga unguwar mahaifiyarta can ƙetaren kogi, a nan cikin Guangzhou.

Don ta huta da gorin aure ta ƙirƙiro ƙaryar cewa ta samu aiki a Harbin. Ko a mafarki ba ta taɓa taka garin ba.