Tarin Matar Tela

Tela ya riƙe ɗan tsakon a tafin hannunsa, matarsa tana ɗaure masa ƙafafu da zaren ulu. Tun ƙyanƙyasa ƙafafun suka baje, ɗaya gabas ɗaya yamma, sai dai ya ja ciki. Kafin ta gama ƙulli tari ya sarƙe ta. Ta kau da kai, ta yi mai isarta, sannan ta dawo ta ƙarasa.

"Tarin nan naki ya fi ƙarfin zuma da lemun tsami, Nas," in ji Tela. Haka yake kiranta, don duk tsakon da uwarsa ta ƙi, ko wanda ya fito da nakasa, hannunta yake komawa.

"Kai dai riƙe shi da kyau," ta ce.

Tsuntsayen na ɗansu ne tilo. Shi ya sayo mace da namiji na ƙananan dangin akun nan masu kore da shuɗi, waɗanda ake kira baji, ya rataye kejinsu a baranda. Da mota ta kaɗe yaron ya rasu, Tela ya rufe shago, ya lulluɓe keken ɗinki, ya kwanta ya juya fuska bango. Ba ci, ba magana, wanka ma sai an yi da gaske. Dangi suka yi lallashi har suka gaji. Ranar da macen ta ƙyanƙyashe ƙwan farko, matarsa ta kai masa akwatin sheƙar har gado. Ya daɗe yana kallon ɗan abin, jajir ba gashi, sannan ya tashi zaune ya ce a miƙo masa tabarau.

Daga nan keji ɗaya ya zama biyu, biyu suka haifi wasu, har baranda ta cika. Marasa lafiyan kuwa ɗakin kwana aka shigo da su, gefen gadon da take kwanciya, don can ne sanyi ba ya kaiwa. Ita ke dama musu abinci ta ɗura da sirinji, ita ke share kejin, ita ke hura wa wanda jikinsa ya yi sanyi ɗumin bakinta. Da hantsi in rana ta shigo ta taga, wani ɗan farin gari yakan yi ta yawo a cikin hasken, 'yan tsaki na ta kuka, Tela na fito.

Tarin ya fara ne a bushe, kamar na mura. Sannu a hankali hawa matakala ya gagare ta, sai ta huta a tsakiya. Zobenta ya soma zamewa daga yatsa. Suka shiga zaryar asibiti.

Duk ranar zuwa, komai nauyin numfashinta, sai ta sa shi ya canja riga. Ta kaɗe masa hula, ta bi kafaɗunsa da hannu tana tsince-tsince.

"Ba za ka bi ni kamar mai sayar da kaji ba," takan ce.

A ƙofar likita kuma ta nuna masa benci. "Zauna nan. Na san halinka, kana shiga za ka cika bawan Allah da labarin tsuntsaye."

Ba sharri ta yi masa ba. Hatta mai gadin asibitin ya san wace tsuntsuwa ce ke kan ƙwai. Sai Tela ya yi dariya ya zauna. In ta fito ya tambayi abin da aka ce, amsar ɗaya ce kullum: har yanzu ba a gano ba.

Babu abin da bai gwada ba. Ya canja katifa, ya daina kunna maganin sauro, ya hana ta zuwa kusa da hayaƙin girki, shi da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba ya koma mai dafa abinci. Tarin sai gaba yake yi. Tsoro ya kama shi sosai. Wata rana ya ce zai bayar da tsuntsayen duka, ya samu lokacin jinyarta. Ta dube shi, ta dubi bangon da ya taɓa juya wa fuska.

"In ka bayar da su, me zai tashe ka da safe?"

Bai sake tayar da maganar ba.

Da suka kwance wa ɗan tsakon zare, ƙafafun suka koma yadda suke. Suka sake ɗaurewa, suka sake kwancewa, babu canji. Tela ya san ba zai taɓa tsayawa ba, ita ma ta sani, amma ta ci gaba da ba shi abinci.

Wata rana da tsakar rana ya same ta a ƙasa kusa da kejin, leɓɓanta sun yi duhu, sirinjin na hannunta. Ya sungume ta da rigar da ke jikinsa, ko hula bai tsaya ɗauka ba.

Bayan an sa mata abin shaƙar iska, likita ya kira shi ofis. Karon farko ke nan da Tela ya shiga ɗakin. Likitan ya ɗaga hoton ƙirjinta ya ce huhun ya riga ya ƙeƙashe, kuma inda ya ƙeƙashe ba ya dawowa. Da tun farko an raba ta da abin da ke jawo ciwon, da ta tashi. Yanzu sai dai a rage mata wahala.

Yana cikin magana idonsa ya kai kan rigar Tela. Ya miƙo hannu ya cire wani ɗan gashi shuɗi daga kafaɗar Tela.

"Baba, tsuntsaye kuke kiwo?"

"Baji ne," in ji Tela. "Ita ce ma ke renon marasa lafiyan."

Likitan ya ajiye gashin a kan tebur a hankali.

"Baba, tun zuwanta na farko na gaya mata ƙurar gashin tsuntsu ce ke yi wa huhu irin wannan ɓarna, kuma duk zuwa sai na sake tambayarta, ita kuwa ta ce mini ko kaza ba ku taɓa ajiyewa a gida ba."