Ta'aziyyar Sallau

A masaukin leburorin da ke gina sabon birni a bakin teku, kowane baƙon ma'aikaci yana ɗaure da agogon kamfani mai auna damuwa. In ya yi ja, washegari a mayar da mutum ƙasarsu.

Da hantsi aka yi wa Sallau waya daga Tasawa cewa mahaifiyarsa ta rasu. Agogonsa ya fara komawa ruwan goro.

Da aka tashi aiki, 'yan ɗakinsu suka shimfiɗa tabarmar gaisuwa. Mudi, dattijon cikinsu, shi ma ɗan Tasawa, ya saci kallon hannun Sallau.

"Ya haƙuri, ɗana?" ya ce, yana washe baki. "Ka tuna yajin da Inna ta aiko maka, wanda ya sa muka wuni muna layin bayi?"

Aka kwashe da dariya. Sallau ma ya yi, kafaɗunsa na rawa.

"Baba Mudi, in yi kuka ko kaɗan ne?" in ji Sallau.

"Wa zai ciyar da ƙannenka? Bari ni in yi maka. Dama na gaji."

Mudi ya rufe fuska da hularsa. Agogonsa ya yi jawur.

"Gobe ina gida," ya ce. "Zan kai wa kabarinta ziyara."